Yadda Magidanci a Kano Zai Koya wa 'Ya'yansa Asalin Ranakun Hutun Ƙasa

A yawancin gidajen Kano, yaro ɗan shekara bakwai zai iya ba ka labarin Annabi Ibrahim da ragon layya tiryan-tiryan, amma yayansa da ke aji uku na sakandare ba lalle ba ne ya san abin da ya sa aka rufe makaranta ranar 12 ga Yuni. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ranakun Sallah suna zuwa da ɗinki da girki da huɗuba da ziyara, kowa a gida yana da aikin da zai yi a cikinsu, su kuwa ranakun da muke kira hutun gwamnati ba abin da suke zuwa da shi sai barcin safe da jawabin shugaban ƙasa a rediyo. Makaranta ba za ta ɗauke mana wannan nauyi ba, domin a ranar da ya kamata a yi bayanin a rufe take. Aikin ya rage ga uba da uwa, kuma sa'ar da Bakano ya yi ita ce kusan kowace ɗaya daga cikin waɗannan ranaku tana da wani sashe na tarihinta a cikin garin nan, a wurin da adaidaita sahu zai iya kai ka.

Abin da za ka fara nema shi ne kalandar bango mai ɗauke da lissafin Miladiyya da na Hijira a shafi ɗaya, ka rataye ta inda yara suke wucewa, sannan ka zauna da su ku yi wa ranakun alama. Waɗanda ba sa motsi a kewaye su da biro: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Waɗanda suke motsi kuwa, wato Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi da Juma'a da Litinin na bikin Ista, a kewaye su da fensir domin ana iya gogewa. A nan ne za ka bayyana musu cewa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka Sallah takan matso da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma wanda ya yi azumin shekara talatin da uku ya riga ya yi shi a cikin sanyi da bazara da damina duka. Ka kuma raba musu aikin hukumomi, domin manya ma suna rikita shi: Sarkin Musulmi ne yake sanar da ganin wata, Ministan Harkokin Cikin Gida shi ne yake ayyana ranar hutu a madadin Gwamnatin Tarayya, gwamna kuma yana da ikon ba da hutu a jiharsa kaɗai. Da wannan iko ne gwamnatin Kano takan ba da hutun 1 ga Muharram, kuma ta sha ba da na Takutaha, bikin da ake yi mako guda bayan Maulidi, alhali ma'aikacin tarayya yana bakin aikinsa a ranar.

Ranakun da yara suka riga suka sani

Da Sallah ya kamata a fara, domin ita ce yara suke ɗoki, kuma abin da ya rage musu a kanta kaɗan ne. Ka gaya musu cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina, ya tarar da mutanen garin suna da ranaku biyu na wasa, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato Idin ƙaramar Sallah da Idin layya. Sauran bayanin aiki ne zai yi shi. Ka sa yaro ya auna zakkar fidda-kai da hannunsa, mudun Nabi huɗu ga kowane mutum na gidan, yana kiran sunayen mutanen ɗaya bayan ɗaya har da jaririn da ke goye, sannan ku kai wa mabuƙaci tare kafin a tafi Idi. Ranar rabon naman layya kuma ka bar shi ya ɗauki kwanon da za a kai gidan da ba su yi yanka ba.

Hawan Sallah shi ne inda tarihin Kano yake fitowa fili a kan doki. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara sallar Idi a garin, kuma shi ne ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya shigo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Saboda haka idan kakaki ya tashi bayan an sauko daga Idi a Ƙofar Mata, kana iya dafa kafaɗar ɗanka ka ce masa wannan sauti ya haura shekara ɗari biyar a garin nan. Washegari ake Hawan Daushe, inda Sarki yake zuwa gaida Mai Babban Ɗaki kafin ya dawo Ƙofar Kudu a yi jahi, rana ta uku kuma Hawan Nassarawa, wanda a zamanin Turawa ziyara ce ga Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, a yau kuma ziyara ce ga gwamna a Gidan Gwamnati. Wannan hawa na uku ya fi dacewa da babban yaro, domin a cikinsa kaɗai za ka iya nuna masa yadda mulki ya tashi daga hannun sarakuna ya koma hannun Turawa, daga nan ya koma hannun gwamnoni. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya.

Kafin ka fita da yara ka saurari sanarwar rediyo, domin an sha dakatar da hawa a 'yan shekarun nan, wani lokaci saboda annoba, wani lokaci saboda dalilan tsaro. Idan an tabbatar za a yi, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka ɗauki ruwa, ka tsaya nesa da inda dawakai suke juyawa, kuma ka faɗa wa ƙananan tun daga gida cewa 'yan bindiga za su yi harbi, don kada ƙarar ta firgita su su saki hannunka a cikin turmutsutsu. Ka ba kowannensu abin da zai nema da ido, wannan ya ƙirga 'yan lifidi, wancan ya gano dogarai da jan rawaninsu, wata ta lura da lemar Sarki, domin yaron da aka ba aiki ba ya yawan ƙorafin rana.

Maulidi yana faɗowa ranar 12 ga Rabi'ul Awwal, kuma mako guda bayansa ake Takutaha, ranar da jama'a suke cika Dutsen Dala. Malamai sun yi saɓani a kan bikin Maulidi, kuma kowane gida ya san inda ya tsaya. Abin da bai kamata ya wuce gidan da ake yi da gidan da ba a yi ba shi ne karanta wa yara tarihin Annabi, da hana su zagin maƙwabcin da ya saɓa musu. Hutun 1 ga Muharram kuwa dama ce ta bayyana cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ne ya tsayar da lissafin shekara daga Hijira, wadda ta auku a 622.

Ranar Ma'aikata

Wannan ita ce ranar da Kano ta fi kowa haƙƙin yin alfahari da ita, kuma ita ce aka fi mantawa. Asalinta daga birnin Cikago ne na ƙasar Amurka, inda a watan Mayu na 1886 ma'aikata suka shiga yajin aiki suna neman a tsayar da aikin yini a kan awa takwas, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka, daga baya aka rataye wasu daga cikin jagororinsu. A 1889 wani taron ƙungiyoyin ma'aikata a birnin Faris ya tsayar da 1 ga Mayu domin tunawa da su. A Nijeriya kuwa gwamnatin jam'iyyar PRP ta Jihar Kano, ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ita ce ta ba da hutun wannan rana a 1980, sai a 1981 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta mai da shi hutun ƙasa baki ɗaya. Ita dai wannan gwamnati ta Rimi ita ce ta soke haraji da jangali da hawanta mulki a 1979, kuma tushen wannan aƙida yana komawa ga jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da gwagwarmayar Malam Aminu Kano domin talakawa.

Ana yawan yin faretin ƙungiyoyin ƙwadago a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma kallonsa yana da daɗi, amma a ganina ba can ne darasin yake ba. Ka ɗauki yaran ku bi ta Kantin Kwari ko Kasuwar Singa da hantsi, su ga 'yan dako suna sauke dila-dila na atamfa da katon-katon na taliya kamar kowace rana, sannan ka tambaye su me ya sa waɗannan ba su yi hutu ba alhali sun fi kowa aiki. Amsar da za su lalubo da kansu, cewa mai cin abinci da ƙwadagon yini ba shi da hutu sai ranar da jiki ya ƙi, ta fi duk wani jawabi da za a karanta a filin wasa. In an dawo gida sai a duba na kusa: mai aikin gida, da mai wanki da guga, da yaron shago, da almajirin da yake ɗebo ruwa. Hadisi ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, saboda haka duk wanda yake bin gidan bashin aiki a biya shi a wannan rana a gaban yara. Idan akwai dattijo a dangi da ya taɓa aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Challawa lokacin da suke aiki dare da rana, a kai masa yaran ya ba su labarin albashinsa na farko da abin da ya saya da shi.

Ranar Dimokuraɗiyya

Wannan rana sai an yi taka-tsantsan, domin waɗanda abin ya shafa da iyalansu suna nan, kuma biyu daga cikin manyan mutanen labarin Kanawa ne. Ranar 12 ga Yuni, 1993, aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Moshood Abiola na jam'iyyar SDP, wanda Babagana Kingibe yake mara wa baya a matsayin ɗan takarar mataimaki, da Alhaji Bashir Othman Tofa na jam'iyyar NRC. Abin da ya kamata yaron Kano ya riƙe shi ne Tofa ɗan garin nan ne, Abiola kuma Bayarabe daga Abeokuta, amma sakamakon Jihar Kano ya ba Abiola rinjaye. Duk wanda zai ce wa ɗanka mutanen Arewa ba sa zaɓen kowa sai nasu, wannan zaɓe ya ishe shi amsa. Gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen kafin a kammala bayyana sakamako, ƙasa ta rikice, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamba na shekarar. Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a watan Yuni na 1994, aka kama shi, kuma a tsare ya rasu ranar 7 ga Yuli, 1998, wata guda bayan rasuwar Abacha, wanda aka binne a nan Kano. Mutanen gari ba su taɓa zama baki ɗaya a kan Abacha ba, wasu suna tuna ayyukan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, wasu suna tuna ɗauri da kisa da kuɗin da aka yi ta dawo da su daga ƙasashen waje, kuma gaskiya ita ce a gaya wa yaro duka biyun.

Da sojoji suka miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999, wannan rana ce ta zama Ranar Dimokuraɗiyya, har zuwa 2018 lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya mai da ita 12 ga Yuni, ya kuma ba Abiola lambar girma ta GCFR bayan rasuwarsa. Shi ya sa har yanzu ake rantsar da shugaban ƙasa da yawancin gwamnoni a 29 ga Mayu, amma hutun shekara-shekara yana Yuni.

Ƙananan yara ba za su riƙe waɗannan sunaye ba, amma akwai dabarar da take aiki. Ku yi zaɓen abincin dare, a ce tsakanin dambu da shinkafa da wake, kowa ya rubuta zaɓinsa a takarda ya jefa a cikin kwano, uwargida ta ƙirga a gaban kowa. Idan an kusa gama ƙirga kuma an ga inda rinjaye ya nufa, sai ka ɗauke kwanon ka ce ka soke zaɓen, tuwo za a yi. Ka bar su su yi ta gunaguni na ɗan lokaci kafin ka ce musu abin da aka yi wa ƙasar nan ke nan a 1993, sannan ka mayar da kwanon a dafa abin da ya ci zaɓe, in ba haka ba darasin da za su ɗauka daban ne. Manya kuma a kai su Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, su ga irin ɗakin da jagoran jam'iyya sukutum ya rayu a ciki har rasuwarsa a watan Afrilu na 1983. Sai dai a fara tambaya ko wurin yana buɗe ranar hutu, in ba ya buɗe a je a cikin makon.

Ranar 'Yancin Kai

Kayan aikin wannan rana suna cikin aljihunka. Ka shimfiɗa takardun kuɗi a kan tabarma: naira biyar mai hoton Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, naira ɗari mai hoton Obafemi Awolowo, naira ɗari biyu mai hoton Sardauna Ahmadu Bello, da naira ɗari biyar mai hoton Nnamdi Azikiwe. Da waɗannan fuskoki huɗu za ka iya ba da labarin duka. Turawan Ingila sun ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu na 1903, Lugga ya haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu, 1914, kuma a 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman a ba ƙasar mulkin kai idan 1956 ta zo. Wakilan Arewa, ƙarƙashin Sardauna, suka nemi a jinkirta har sai an shirya, domin a lokacin 'yan bokon Arewa ba su da yawa, kuma suna tsoron kada mulkin Bature ya tafi ofisoshi su koma hannun wasu. Wannan saɓani ne ya haifar da tarzomar Kano ta watan Mayu na 1953, wadda aka rasa rayuka da dama a cikinta tsakanin Sabon Gari da Fagge. Ban ga amfanin ɓoye wa babban yaro wannan ba, domin shi ne zai fahimtar da shi cewa ba a zo ranar 1 ga Oktoba cikin ruwan sanyi ba.

Arewa ta sami mulkin kanta a watan Maris na 1959, ƙasa baki ɗaya kuma ranar 1 ga Oktoba, 1960, lokacin da Gimbiya Alexandra, a madadin Sarauniyar Ingila, ta miƙa wa Firayim Minista Tafawa Ɓalewa takardun 'yanci a filin sukuwa na Legas. Tutar da aka ɗaga ɗalibi ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, kore yana nufin albarkar noma, fari kuma zaman lafiya. A majalisar ministocin wancan lokaci akwai Kanawa irin su Alhaji Inuwa Wada da Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. A irin wannan rana ce kuma ƙasar ta zama jamhuriya a 1963, kuma a irinta sojoji suka miƙa mulki ga Shagari a 1979. Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fada, shi ne wurin da ya fi dacewa a kai yara su ga hotuna da kayan wancan zamani.

Wanda yake ɗan shekara goma a 1960 ya haura saba'in yanzu, saboda haka shaidun wannan rana suna ƙarewa. Kada kai ka yi tambayar, domin dattijo yakan taƙaita magana a gaban ɗansa. Ka tura jika, wanda wasan da ke tsakaninsu ya ba shi damar cewa, "Alhaji tsoho, ina kake ranar da Bature ya tafi?" ko kuma "Hajiya Kaka, nawa ake sayar da mudun gero lokacin da aka kawo ki gidan nan?" Ka nemi izininsu a ɗauki muryar a waya, kuma kada a katse su idan sun kauce zuwa labarin dalar gyaɗa ko canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973.

Kirsimeti da Ista ba sa buƙatar dogon shiri a gidan Musulmi, amma suna buƙatar bayani na gaskiya. Kiristoci suna bikin haihuwar Annabi Isa ranar 25 ga Disamba, hutun washegari kuma al'ada ce da muka gada daga Ingila. A Ista suna tuna abin da suka yi imani da shi na gicciye shi ranar Juma'a da tashinsa ranar Lahadi, Alƙur'ani kuwa ya ce ba a kashe shi ba kuma ba a gicciye shi ba, saboda haka ka gaya wa yaro abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi da abin da shi ya yi imani da shi, ba tare da izgili ba. Idan ka bi da shi ta Sabon Gari a makon ƙarshe na Disamba ya ga dogayen motoci suna lodin masu tafiya Kudu da shagunan da aka garƙame, zai gane cewa su ma tasu Sallar ce, kuma su ma suna da garin da suke komawa.

Akwai ranaku biyu da ba a rufe ofisoshi a cikinsu amma ya kamata su shiga kalandar gidanka. Ranar 15 ga Janairu ita ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, domin a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, kuma a irinta ne a 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ranar 27 ga Mayu kuwa, wadda yara suka sani da Ranar Yara, ita ce ranar da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, ciki har da Jihar Kano, wadda Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. Ka sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, ka ware wa kowace rana shafi huɗu ko biyar, yaron da ya fi iya rubutu ya riƙa sa kwanan wata da wurin da aka je da sunan dattijon da aka yi hira da shi, muryoyin da aka ɗauka kuma a tura su zuwa wayar mutum biyu ko uku a dangi, domin waya tana ɓata kuma tana lalacewa.